Ina Malama Rahila?

A takardu sunanta Rahile Dawut. Ranar da na fara cin karo da sunan, sai da na juya shi a bakina sau biyu kafin kunnena ya kama: ashe Rahila ce, 'yar Dauda. A ajinmu na firamare Rahila biyu gare mu, wata ƙanwar mahaifiyata ma sunanta ke nan. 'Yarta kuwa ana rubuta sunanta Akida, wato Aƙida. Sunayen gidanmu ne tsaf, sai dai masu su suna can yammacin ƙasar Sin, a yankin Xinjiang, mazaunin Musulmin ƙabilar Uygur.

A watan Satumba na 2023 wani abokin aikina ya turo labarinta a zauren WhatsApp na sashenmu, cewa an tabbatar an yanke mata ɗaurin rai da rai. Saƙon ya faɗo tsakanin sanarwar ranar miƙa makin jarrabawa da cigiyar waɗanda ba su zuba adashi ba. Babu wanda ya tanka. Ni ma ban tanka ba, ina cikin aji a lokacin. Sai da dare, bayan yara sun kwanta, na buɗe na karanta, wannan labari ya kai ni wancan, har na ji kiran assalatu. Tun daga daren nan matar nan ba ta fita daga raina ba.

Abin da ya sa ta tsaya mini a rai, sana'armu ɗaya. Ni aikina bin tsofaffin mata da rakoda. Waƙar daka, waƙar niƙa, waƙar reno, begen Annabi da ake yi a tsakar gida ranar suna, habaicin kishiyoyi da ake sakawa cikin lugude, su nake tattarawa tun ina neman digiri na biyu. Ita ma irin abin da ta ƙarar da ƙarfinta a kai ke nan. An haife ta a 1966. Ta yi digirin digirgir a fannin al'adun gargajiya a Beijin a 1998, tana cikin matan Uygur na farko da suka taka wannan matsayi. Ta koma gida ta koyar a Jami'ar Xinjiang da ke birnin Urumci, a 2007 kuma ta kafa cibiyar nazarin al'adun ƙabilun yankin a cikin jami'ar. Manyan jami'o'in duniya irin su Harvard da Cambridge sun gayyace ta ta yi lacca.

Amma ba a ɗakin lacca aka fi saninta ba. A hanya aka san ta, ita da ɗalibanta, suna bin ƙauyukan da ke gefen hamadar Taklamakan suna neman hubbaren waliyyai. Su mazar suke kiran wurin, kalmar Larabci ce, tushenta ɗaya da ziyara. Wanda ya taɓa zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato, ko ya je Wurno, ko ya ga maukibin Ƙadiriyya a Kano, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sai dai nasu da yawa ba gini ba ne mai ƙubba. Tudun rairayi ne a tsakiyar hamada, an kakkafa dogayen sanduna, an ɗaura musu tutoci da ƙyallaye iri-iri, iska na kaɗa su. Kowane ƙyalle mutum ne ya zo da damuwarsa: mai neman haihuwa, mai jinya, wanda ɗansa ya yi tafiya bai dawo ba. Akwai na Imam Asim kusa da Hotan, inda a da dubban mutane kan taru duk shekara. Akwai na Ordam a yankin Kashgar, wanda taronsa na watan Muharram ya fi kowane girma kafin gwamnati ta hana shi a 1997. A irin waɗannan wurare ake cin kasuwa, ake dafa abinci a raba sadaka, mawaƙa su zauna su rera dogayen waƙoƙin tarihi da suke kira dastan.

Rahila ta bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya. Ta rubuta inda kowanne yake da labarin wanda ke kwance a cikinsa, ta ɗauki muryar mawaƙa da masu tsaron hubbare, ta zauna da mata ta ji abin da ba za su faɗa wa namiji ba. Wannan na ƙarshen na san shi a jikina. Akwai zancen da tsohuwa ba ta yi miki sai kin cire takalmi, kin zauna a tabarmarta, kin sha fura da ludayinta, kin dawo sau uku. Littafin da Rahila ta wallafa a kan hubbarorin, cikin harshen Uygur, bai tsaya a hannun 'yan boko ba, talakawa masu ziyara sun riƙa amfani da shi suna gane hanya. Ban san wata lada da mai bincike zai samu a duniya da ta wuce wannan ba, mutanen da kika karɓo ilimi a wurinsu su ɗauki littafinki su ce nasu ne.

Kuma ba 'yar adawa ba ce. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa waɗanda suka san ta kai. Ta shekara da shekaru tana cikin Jam'iyyar Kwaminis mai mulki. Gwamnati da kanta ta ba ta kuɗin bincike. Ba a san ta da maganar siyasa ba. Duk wata ƙa'ida da aka gindaya wa malamin jami'a a ƙasar, ta bi ta.

A watan Disamba na 2017 ta gaya wa 'yan'uwanta za ta je Beijin. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Babu takardar kamu da aka nuna wa iyalinta, babu sanarwa, babu ranar shiga kotu. 'Yarta Akida Pulat, wadda ke zaune a Seattle ta Amurka, ta yi watanni ba ta fito ta yi magana ba, don tsoron kada surutu ya ƙara jefa mahaifiyarta cikin wahala. Da shirun ya ƙi ƙarewa sai ta fito, ta shiga bin 'yan jarida da ƙungiyoyi, tana tambaya ɗaya: ina mahaifiyata? Sai a 2021 wasu ma'aikatan jami'ar suka tabbatar wa wani gidan rediyo cewa tana gidan yari. Sai kuma a Satumba 2023 gidauniyar Dui Hua, wadda ke San Francisco, mai bin kadin fursunonin siyasa a Sin, ta samu tabbaci daga wata majiya ta gwamnatin ƙasar: an yi mata shari'a a asirce tun Disamba 2018, bisa zargin neman raba ƙasa da yi wa tsaronta barazana, an yanke mata ɗaurin rai da rai, ta ɗaukaka ƙara, babbar kotun yankin ta yi watsi da ƙarar. Kusan shekara shida ke nan kafin 'ya ta san hukuncin da aka yi wa uwarta, kuma ba daga bakin kotu ta ji ba. Da 'yan jarida suka tambayi ma'aikatar harkokin wajen Sin, amsar ita ce ba su da bayani a kan batun, kuma ƙasarsu tana yin shari'a bisa doka.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Bari in ba ku labarin awa huɗu da na taɓa yi, ba don in haɗa kaina da ita ba, don dai da su nake iya auna abin da ya fi ƙarfin aunawata.

Wasu shekaru da suka wuce na je wani ƙauye wurin wata tsohuwa da aka ce mini babu mai waƙar niƙa kamarta a duk yankin. Zuwa na uku ke nan, ranar ce ta saki jiki. Ta ce, "'Yar nan, kunna abin naki, yau zan yi miki ta kakata." Ta yi mini waƙoƙi bakwai, har da wata ta shekarar yunwa da ban taɓa jin irinta a bakin kowa ba. Na fito ina murna, a bakin gari wasu mutane da bindigogi suka tare ni. Yankin yana fama da ɓarayin daji, kuma ana zargin akwai masu kai musu rahoto, saboda haka ban ga laifinsu da suka tsayar da baƙuwa mai na'ura ba. Suka karɓe wayata da rakodar, suka zaunar da ni a wani ɗaki. Tambayar ba ta wuce biyu ba, sai juya ta ake yi: "Malama, wa ya aiko ki? Wa za ki kai wa?" Na nuna takardar gabatarwa daga sashenmu. Na ce su kunna su ji. Suka kunna, muryar Iya ta cika ɗakin tana waƙar dutsen niƙa. Ɗayansu ya ce ai ba a rasa saƙo a cikin waƙa. Sai da mai gari ya zo da kansa ya ce ya san ni, sannan aka sake ni dab da magariba. Aka mayar mini da rakodar, an goge duk abin da ke ciki.

A awa huɗun nan maigidana ya kira wayata ya fi a ƙirga. 'Yata, tana 'yar shekara shida a lokacin, ta ƙi cin abinci, ta zauna a bakin ƙofa. Da na shigo ba ta yi kuka ba, sai ta riƙe gefen mayafina ta ce, "Umma, ina kika je ba ki faɗa ba?" Har yau idan na tuna Akida wannan tambayar nake ji.

Na shirya komawa wurin Iya bayan damina. Kafin hanya ta bushe Allah ya yi mata rasuwa. Waƙar yunwar nan ta tafi da ita. Baiti biyu kawai na riƙe a ka, su ma ban tabbatar na riƙe su daidai ba.

Shi ya sa idan aka ce an tsare malami, ni ba mutum ɗaya nake gani ba. Ina ganin kaset da hotuna da littattafan rubutu na shekara ashirin da ba a san hannun da suka faɗa ba. Ina ganin ɗaliban da suka watse, wasu ma aka bi su. Ina ganin tsofaffin da suka amince suka yi magana a gaban rakoda, waɗanda yanzu muryarsu da sunayensu na iya zama shaida a kansu. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali a matsayina na mai irin wannan aiki, domin duk wadda ta yi mini waƙa amana ta ba ni. Sannan ga wuraren su kansu. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam, wanda aka wallafa a 2019 da 2020, ya nuna an rushe gine-ginen hubbaren Imam Asim, an share Ordam daga doron ƙasa, tare da ɗimbin masallatai da maƙabartu. Aka kawar da wurin, aka kulle wadda ta rubuta tarihin wurin. Wanda zai zo nan gaba ya ce a nan akwai wani abu, da me zai kafa hujja?

Ba ita kaɗai ba ce. Kafin ita akwai Ilham Tohti, masanin tattalin arziki da ke koyarwa a Jami'ar Minzu ta Beijin. A 2006 ya buɗe shafi a intanet don Uygur da 'yan ƙabilar Han masu rinjaye su riƙa tattauna matsalolinsu: rashin aikin yi, wariya wajen ɗaukar ma'aikata, matsayin harshen uwa a makaranta. A bainar jama'a ya sha faɗa cewa ba ya goyon bayan ɓallewa, dokokin cin gashin kai da ƙasar ta rubuta da hannunta yake so a yi aiki da su. A Fabrairu 2013 aka tare shi a filin jirgin sama na Beijin zai tafi Jami'ar Indiana, 'yarsa Jewher mai shekara 18 ta hau jirgin ita kaɗai. A 15 ga Janairu 2014 aka kama shi, a 23 ga Satumba na shekarar aka yanke masa ɗaurin rai da rai bayan shari'ar kwana biyu. Ɗalibansa bakwai aka ɗaure su ma, daga shekara uku zuwa takwas. Iyalinsa rabonsu da ganinsa tun 2017. Akwai kuma Tashpolat Tiyip, masanin labarin ƙasa, wanda a da shi ne ma shugaban jami'ar da Rahila ta koyar, shi ma a 2017 ya ɓace a hanyarsa ta zuwa Jamus. Akwai lakabin da hukuma ta riƙa liƙa wa irin waɗannan mutane, wai masu fuska biyu, wato a fili suna tare da gwamnati, a zuci suna tare da ƙabilarsu. Laifin da ke cikin zuciya kuwa babu yadda mutum zai wanke kansa daga shi.

Gwamnatin Sin tana da nata bayanin, kuma ya kamata a faɗe shi. An yi tashin hankali a Urumci a Yuli 2009, mutum kusan 200 suka mutu. An kai hari da wuƙaƙe a tashar jirgin ƙasa ta Kunming a Maris 2014, aka kashe mutum 31. Gwamnatin ta ce wuraren da ta tara mutane a Xinjiang daga 2017 cibiyoyin koyon sana'a ne da yaƙi da tsattsauran ra'ayi. Mu da muka ga Boko Haram ba za a koya mana zafin ta'addanci ba. Amma mu ne kuma muka san abin da ke faruwa idan aka ce duk mai gemu abin zargi ne. A Agusta 2018 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce yana da rahotanni masu ƙarfi cewa mutanen da ake tsare da su sun kai miliyan ɗaya. A 31 ga Agusta 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya fitar da rahoto cewa abin da aka yi a yankin yana iya kaiwa laifin cin zarafin bil'adama. In har akwai hujjar cewa matar da ke ɗaukar waƙoƙin tsofaffi ta shirya raba ƙasa, me ya hana a kawo hujjar a buɗaɗɗiyar kotu, da lauyanta, da iyalinta a zaune?

Na yi wannan magana da mutane a nan gida, kuma amsa iri biyu nake samu.

Ta farko daga wani ɗalibina ta zo, yaro mai hankali da riƙon addini. Ya ce, "Malama, ai abin da take rubutawa a kai ma bidi'a ne, ɗaura ƙyalle a kabari." Na ce masa wannan muhawara ce da malamanmu suka daɗe suna yi, kuma za su ci gaba da yi, da hujja da littafi. Amma wanda ya rushe Ordam ba don raya sunna ya rushe ba, hannun da ya share hubbaren shi ne ya rushe masallatai. Kuma mai bincike ba mai fatawa ba ne. Ni na ɗauki waƙoƙin bori, ban taɓa hawa bori ba. Idan sai mun yarda da abin da malami ke nazari a kai sannan za mu ce kada a ɗaure shi, to kowa malaman ɓangarensa kaɗai zai kare, kuma ranar da aka zo kan nasa babu mai tsaya masa. Imam Ahmad bin Hambal da aka ɗaure aka yi masa bulala a Bagadaza, hukumar lokacin ita ma cewa ta yi ra'ayinsa ɓata ne.

Ta biyu ta fi yawa a bakin abokan aikina: wannan farfagandar Turawan Yamma ce, su da ba su da bakin magana. A nan ina ba su rabin gaskiya. A Disamba 2023 harin jirgin saman Isra'ila ya kashe Farfesa Sufyan Tayeh, masanin kimiyyar lissafi da fiziya kuma shugaban Jami'ar Musulunci ta Gaza, shi da iyalinsa, kuma jami'o'in Gaza babu wadda ta tsira daga rugujewa ko lalacewa. A 25 ga Maris 2025, cikin azumi, jami'ai da fuskoki a rufe suka tare Rumeysa Ozturk, 'yar Turkiyya mai karatun digirin digirgir a Jami'ar Tufts ta Amurka, a kan titi tana hanyar zuwa buɗa-baki, saboda wata maƙala da ta sa hannu a jaridar ɗalibai game da Falasɗinu. Ta yi mako shida a tsare kafin alƙali ya ba da umarnin a sake ta. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya ci mini rai. Sai dai zaluncin da aka yi wa Rumeysa bai buɗe wa Rahila ƙofa ba. Munafuncin mai kawo labari ba ya mayar da fursuna gida. Akida ba gwamnatin Amurka ba ce, yarinya ce da ke son jin muryar uwarta.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne matsayinmu mu. A Yuli 2019, bayan ƙasashe 22 sun rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya suna nuna damuwa kan Xinjiang, wasu ƙasashe 37 suka rubuta tasu takardar suna yaba wa Sin. Nijeriya na ciki, da Kamaru da Sudan da Masar da Saudiyya da Pakistan. A Oktoba 2022 aka nemi Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta zauna ta tattauna rahoton nan kawai, ba ta hukunta kowa ba, aka kayar da buƙatar da ƙuri'a 19 a kan 17. Somaliya ce kaɗai ƙasar Afirka da ta ce a tattauna. Na san dalili, kowa ya sani. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da nake hawa, da bashin Sin aka gina shi. Idan baki ya ci, ido kan ji kunya. To gwamnati ta ci, ta ji kunya. Mu malaman jami'a me muka ci?

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manyanmu a Zariya har yau suna ba da labarin Patrick Wilmot, ɗan asalin Jamaika da ya shekara 18 yana koyar da ilimin zamantakewa a Jami'ar Ahmadu Bello, yadda jami'an tsaro suka ɗauke shi a 1988 suka sa shi a jirgi zuwa Landan. Zamanin ne ake zargin malamai da koyar da abin da ba shi aka biya su su koyar ba, zamanin da aka haramta ASUU aka tsare shugabanninta. A kusa-kusan nan kuma, a farkon Agusta 2019, wasu 'yan bindiga suka ɗauke Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, a ƙofar gidansa da ke Barnawa a Kaduna. An san shi da zafafan rubuce-rubucen siyasa a intanet. Har yau babu wanda ya fito ya ce ga inda yake. Wanda ya ga yadda iyalinsa suka shekara da shekaru babu gawa babu mai rai, ya san irin azabar da ake yi wa mutanen Urumci. Mutuwa ana zaman makokinta a share hawaye. Ɓata ba ta da ranar uku balle ta arba'in.

Ina yawan tuna Ahmad Baba na Tumbuktu. Bayan sojojin Maroko sun ci garin, aka kama shi, a 1594 aka ƙetara da shi Sahara a ɗaure zuwa Marrakesh, aka wawashe littattafansa da ya ce sun kai 1,600. Zalunci ne babba. Amma ko a wancan zamani an san inda yake. Bayan kamar shekara biyu aka fito da shi daga kurkuku, aka bar shi ya koyar ya yi rubutu, ɗalibai suka kewaye shi, a 1608 ya koma gida. Yau, zamanin da ake kiran bidiyo daga Kano zuwa Guangzhou a yi cinikin atamfa, an rasa wanda zai ce ga gidan yarin da Rahila take, ga halin lafiyarta.

To mene ne amfanin surutun wata malama daga nan? Na yi wa kaina wannan tambaya sosai. Na lura cewa malaman da ake sakowa galibi masu wata ƙasa ne a bayansu. Kylie Moore-Gilbert ta Ostireliya ta fito daga kurkukun Iran a Nuwamba 2020 ta hanyar musayar fursunoni. Fariba Adelkhah, wadda ita ma Iran ta tsare, ta koma Faransa a 2023. Ko wannan ma ba tabbas ba ne, domin Ahmadreza Djalali, likitan da Iran ta kama a 2016 ta yanke masa hukuncin kisa, yana da takardar zama ɗan Suwidin, amma da aka yi musaya tsakanin ƙasashen biyu a Yuni 2024 aka bar shi a baya. Rahila kuwa ba ta da fasfo na biyu. Ƙasar da ya kamata ta nema mata haƙƙi ita ce ta kulle ta. Danginta da suka rage su ne abokan sana'arta, duk inda suke.

Wasu sun riƙe wannan zumunci. Ƙungiyar Scholars at Risk, wadda ke da mazauni a Jami'ar New York, tana bin sawun malaman da aka tsare a duniya, tana shirya takardun koke, tana nema wa waɗanda suka tsere gurbin aiki. A 2020 ta ba Rahila lambar yabo, 'yarta ce ta karɓa. A 2023 ƙungiyar marubuta ta PEN a Ingila ta karrama ta. Lambar yabo ba ta buɗe kurkuku, na sani. Amma tabbacin da Dui Hua ta samu bai faɗo daga sama ba, shekaru aka yi ana maimaita tambaya har aka gaji aka amsa. Fursunan da ake ambaton sunansa a waje, mai tsaronsa ya san akwai ranar da za a tambaye shi. Mu ma a Afirka muna da alƙawarin da muka ɗauka. Sanarwar Kampala ta 1990, wadda masana na nahiyar nan suka rubuta da kansu kan 'yancin tunani da bincike, ta ɗora wa malamai nauyin tsaya wa duk ɗan'uwansu da ake tsangwama saboda aikin iliminsa, da ba shi mafaka. Ba ta ce sai ɗan ƙasarku ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa na zaɓi in rubuta wannan da Hausa. Gidan rediyon Sin yana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963. Ana koyar da Hausa a jami'a a Beijin. Akwai Sinawa da suka iya harshen nan har da karin magana, waɗanda suka zauna da mu, suka ci tuwonmu, suka san darajar da muke ba malami da uwa. Saboda haka na san ba da kanmu kaɗai nake magana ba. Idan ɗayanku ya karanta wannan, don girman zumuncin da kuke cewa akwai tsakaninmu, ku isar da shi gaba.

A zangon karatun nan, ranar da na fara darasin dabarun tattara bayanai da 'yan aji huɗu, na rubuta sunanta a allo kafin in rubuta nawa. Na ba su labarinta, sannan na koya musu abin da a da nake barin sa sai ƙarshen zango: kada ka kwana da murya a na'ura ɗaya, ka ajiye ta wuri uku, kada ka rubuta sunan wadda ta yi maka waƙa a fayil ɗaya da waƙar, kada ka shiga ƙauye ba wanda ya san inda kake da lokacin da za ka fito. Wata ɗaliba a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, tana da rai kuwa?" Na ce mata abin da muke so a gaya mana ke nan.

Na rubuta takarda zuwa ofishin jakadancin Sin da ke Abuja. Gajera ce, babu zagi babu gori. Abu uku take nema: a faɗi gidan yarin da Farfesa Rahile Dawut take da halin lafiyarta, a bar 'yarta ta yi magana da ita ko da ta waya ce, a kuma bayyana hujjar da aka ɗaure ta a kai ko a sake ta. Zuwa yammacin jiya mutum goma sha ɗaya sun sa hannu, har da wanda ya turo labarin a zaurenmu tun farko. Takardar tana kan teburina har ranar Alhamis, ranar Juma'a da safe zan kai ta gidan waya.